Yadda Ake Sayen Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Ƙyalle da Yadda Ake Morarsa a Tafkin Lagdo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafkin Lagdo, a arewacin Kamaru, da hantsi a watan Janairu ya san iskar nan da take tasowa daga arewa maso gabas ta kwanta a kan ruwa, ba ta karɓar ko dala a hannun kowa, alhali masu jiragen inji suna can bakin gaɓa suna lissafin kuɗin fetur. Wani lokaci akan ga masunci ya ɗinke buhuna biyu ko uku ya ɗaura su a gora, iska ta kora shi gida bai taɓa filafili ba, sai dai wannan dabara tana ci ne kawai idan iskar tana bayansa. Jirgin da zan yi bayani a kansa yana da ƙyalle da aka yanka aka ɗinka da lissafi, yana kuma da allo mai sauka ƙarƙashin ruwa wanda yake hana shi zamewa gefe, don haka yana iya ratsa iska a gicciye, har ma ya hau wajen da take fitowa. Ƙarami ne, tsawonsa galibi daga mita 4 zuwa mita 5 da 'yan kai, ba shi da ɗakin kwana, kuma an ƙera shi ne don mutum ya fita da safe da abokinsa ko 'ya'yansa ya dawo kafin magariba. A Turai da Amurka an ƙera dubban irinsa daga shekarun 1950 zuwa na 1970, kuma da yawansu suna nan da ransu a gareji da bayan gidaje, masu su suna neman wanda zai saya.

Kafin a yi zancen jirgi, a fara duba ruwan da za a sa shi. Madatsar Lagdo da 'yan ƙasar Sin suka gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, kimanin kilomita 50 kudu da Garwa, ta tara ruwa mai faɗin murabba'in kilomita 586, da tsibirai da duwatsu a cikinsa, kuma a duk arewacin Kamaru ban ga inda ya fi shi dacewa da wannan harka ba. Amma kafin ruwa ya rufe wurin daji ne da gonaki da ƙauyuka, shi ya sa har yau akwai kututturan itatuwa a tsaye a ƙarƙashinsa, waɗanda suke matsowa sama yayin da ruwa yake janyewa da rani. Tafkin Maga, wanda aka tare a 1979 domin noman shinkafa, ba shi da zurfi, ga ciyawa ga dorinai. A ɓangaren Cadi akwai tafkin Lere a yankin Mayo Kebbi, mai kwanciyar ruwa, inda ayu yake zaune. Kogin Shari a Injamena yana da gudu da damina, da rani kuma yashi yake fitowa a tsakiyarsa. Tafkin Cadi kansa, da halin rashin tsaron da yake ciki, ba wurin yawon shan iska ba ne a yanzu.

Duk waɗannan ruwaye sun haɗu a kan abu ɗaya, wato ƙasa tana kusa, kuma babu tashar da aka gina don irin wannan jirgi. Saboda haka kada a sayi jirgi mai ƙarfen nauyi da aka kafe masa a gindi, wanda masu talla da Faransanci suke rubutawa quillard. Wanda ake nema shi ne dériveur, mai allon tsakiya da ake ɗagawa a sauke, domin idan an ɗaga allon jirgin yana iya shiga ruwan da bai kai gwiwa ba, a jawo shi kan yashi da hannu. A cikin masu allon ma, wanda allonsa yake juyawa a kan ƙusa ya lanƙwashe baya idan ya daki wani abu ya fi wanda ake cusawa daga sama kamar takobi a kube, saboda na biyun idan ya ci karo da kututture a guje, akwatin da yake ciki ne yake tsagewa.

Sunayen da za a yi ta cin karo da su a tallace-tallace ba su da yawa. Na farko shi ne Vaurien, wanda Bafaranshe Jean-Jacques Herbulot ya zana a 1951 domin makarantar koyon tuƙi ta Glénans, da nufin kada kuɗinsa ya wuce na kekuna biyu. Tsawonsa mita 4.08, gindinsa kusan shimfiɗaɗɗe ne, yana ɗaukar mutum biyu, kuma ma'anar sunan da Faransanci ita ce ɗan iska, sunan da ya dace da shi a Hausance fiye da yadda masu shi suka sani. Shi dai Herbulot ne ya zana Caravelle, mai mita 4.60 da faffaɗan ciki da dakusasshen baki, wanda ba shi da kyan gani ko kaɗan amma yana ɗaukar iyali ba tare da ya yi ta tangaɗi ba. Daga Ingila akwai Wayfarer na Ian Proctor, na 1957, mai kimanin mita 4.8, wanda a cikin irinsa ne Frank Dye da abokin tafiyarsa suka tashi daga Sikotilan suka isa Aisilan a 1963 bayan kwana 11 a teku. Daga Amurka akwai Day Sailer na Uffa Fox da George O'Day, mai mita 5.1 da 'yar rumfa a gaba ta ajiye kaya. Akwai kuma Mirror, ɗan ƙarami mai mita 3.3 da jan ƙyalle, wanda sandunansa gajeru ne har suna shiga cikin jirgin a kwantar da su.

Wanda ya fi yawa a kasuwar Faransa shi ne 420, na Christian Maury, wanda aka fara a 1959, da 470 da ya fi shi girma, wanda ake gasar Olamfik da shi tun 1976. Araharsu da yawansu suna jan hankali, amma jiragen tsere ne na samari, masu igiyoyi barkatai, kuma suna kifewa da wuri idan mai tuƙi ya yi sakaci. Magidancin da yake son ya zauna a natse ya fita da yara, ya nemi Caravelle ko Wayfarer ko Day Sailer. Wanda yake shi kaɗai ko shi da ƙaninsa, kuma ba shi da motar ja, Vaurien ya ishe shi, domin mutum uku ko huɗu suna ɗaga shi su kai ruwa. Nauyi abin dubawa ne ƙwarai: gangar jikin Wayfarer ta haura kilo 160, Day Sailer kuwa ya haura 250, kuma jirgin da sai an tara mutum shida kafin a taɓa shi yakan ƙare a ƙarƙashin bishiya.

Wajen nema, hanyoyi uku ne. Akan yi dace da tsohon jirgi a bakin teku, a Duwala ko Limbe ko Kiribi, ko a Legas inda ƙungiyar masu irin waɗannan jirage take tun 1932, sau da yawa wanda wani baƙo ya bari da ya tashi komawa ƙasarsu. Hanya ta biyu ita ce ta ɗan'uwa ko aboki da yake zaune a Faransa, ya duba shafukan sayar da kayan hannu irin su Leboncoin, ya je ya gani da idonsa, sannan a haɗa jirgin da kayan wani ɗan kasuwa a kwantena. A nan akwai abin da mutane suke mantawa. Cikin kwantena mai ƙafa 20 bai cika mita 6 ba, ginshiƙin yawancin jiragen nan kuwa, wato doguwar sandar da ake ɗaga ƙyalle a kanta, ya haura mita 6, don haka sai a mai ƙafa 40 yake shiga, kuma wanda ya yarda aka yanke masa ginshiƙi biyu don ya shiga ya sayi wahala. Lissafin kuɗin ba shi da wuya tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi, amma kuɗin jirgin shi ne ƙarami a cikin lissafin. A tambayi dillalin fiton kaya abin da duwan, wato kwastan, za ta karɓa tun kafin a biya mai jirgi, a riƙe takardar ciniki mai sa hannu da lambar jirgin, a kuma lissafa ɗaukowa daga Duwala zuwa Ngaundare, ko ta jirgin ƙasa ko ta mota, da sauran kilomita 270 da wani abu zuwa Garwa, da gangaren dutsen nan da yake bayan Ngaundare inda kayan da ba a ɗaure da kyau ba suke gane kurensu. Hanya ta uku, wato a ƙera a gida, zan dawo kanta.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Bature idan zai sayi tsohon jirgi gangar jiki yake fara dubawa, saboda a wurinsu aikin hannu ne mai tsada, kayan ƙarfe da igiya kuwa suna kanti a bayan gidansa. A wurinmu abin a juye yake. Kafinta mai hankali a Garwa zai canza ruɓaɓɓen katako, mai gyaran bambar mota da tankin ruwa zai toshe huda a jikin faiba, amma duk faɗin kasuwar Garwa da ta Marwa ba za a sami ginshiƙin alminiyon na jirgi ba, ko ƙyallen da aka yanka daidai da shi, ko 'yan ƙarafan da allon juyi, wato allon baya da ake karkata jirgi da shi, yake rataye a kansu. Don haka a fara da abin da ba a samu a nan. A sa mai jirgi ya kafa ginshiƙi ya ɗaga ƙyallaye duka biyu, babba da ƙaramin gaba, a gani da ido cewa komai yana nan, har 'yan ƙusoshi da 'yan tayoyin da igiya take bi ta kansu. Abin da aka ce yana gida za a kawo daga baya, a ɗauka babu shi.

Ni na koyi wannan ne da kuɗina. Na yi cinikin biri a sama, na sayi nawa daga hoto a hannun wani mutum a kudu, jirgi ya sha sabon fenti fari fat kamar ango. Da ya iso aka sauke shi, sai na tarar ɗaya daga cikin ƙarafan allon juyi babu, wayar da take riƙe ginshiƙi ta hagu ta fara warwarewa, babban ƙyallen kuma da na ja shi da hannu biyu sai ya yage kamar tsohon zane. Haka jirgin ya kwana ya tashi a gindin mangwaro tun daga Nuwamba har zafi ya shigo, ina jin iskar hunturu tana kaɗa ganye a kansa, ina jiran ɗan ƙunshin kayan da bai fi tafin hannu biyu ba.

Ga yadda ake duba su ɗaya bayan ɗaya. A kwantar da ginshiƙi a leƙa shi daga gindi zuwa kai kamar mai duba mashi, a tabbata bai lanƙwashe ba, a kuma duba inda aka kafa masa ƙarfe, domin farin gari da ƙuraje a wurin alamar alminiyon ya fara cinyewa ne. A naɗe tsumma a hannu a shafi wayoyin daga sama har ƙasa, duk inda tsumma ya maƙale silin waya ya tsinke, kuma wayar ta gama aiki. Ƙyalle mai sauran rai yana da ƙarfi, yana ƙara kamar sabuwar shadda idan an motsa shi, wanda ya mutu kuwa laushi gare shi. A karci ɗinkin da farce, in zaren ya tsinke to rana ta cinye shi. Yagewa kaɗan ba komai ba ce, mai ɗinkin tampol ko kujerun mota zai yi faci da zaren roba da ɗinki mai zigzag, amma ba zai iya yanka sabo ba, saboda ƙyallen ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da tumbi da aka auna, kuma wannan tumbin ne yake sa iska ta ja jirgi gaba kamar yadda take ɗaga fiffiken jirgin sama. A tafi da maganaɗisu a aljihu: ƙusoshin asali na farin ƙarfe marar tsatsa ne, wanda maganaɗisu ba ya kamawa sosai, duk wanda ya manne masa da ƙarfi to an musanya shi da na banza.

Sannan a koma kan gangar jiki. In ta faiba ce, a bi ta da ƙotar sukurdireba ana ƙwanƙwasawa, wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, wanda ya rabu a ciki kuwa yana amsawa kamar fasasshiyar ƙwarya. A danna daɓen da tafin hannu, a tsananta dubawa a wurare huɗu da suke ɗaukar wahala: inda ginshiƙi yake zama, kewayen akwatin allon tsakiya, inda wayoyi suke kama gefe, da bangon baya. In ta katako ce, a tafi da basilla a soka a kusurwoyi da ƙarƙashin benci inda ruwa yake kwanciya, a kuma yi zargin duk sabon fentin da aka shafa ana gobe za a zo gani. Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa shi ne akwatunan iska na gefe da na gaba, waɗanda suke hana jirgi nutsewa idan ya kife. A shafa ruwan sabulu a gaɓoɓinsu, a hura iska da baki ta ramin tsiyaya, in kumfa ya tashi to suna yoyo. A ɗaga jirgin kuma a ji nauyinsa, domin wasu an cusa musu soso a ciki, idan ya sha ruwa shekara da shekaru sai jirgin ya yi nauyin da ba nasa ba. In da amalanken ja a cikin cinikin, a juya tayoyinsa a saurari boris.

Game da ƙerawa a gida, ba mafarki ba ne. Vaurien da Mirror duka an zana su ne don a yi su da filawud, kuma itacen okume da ake yin filawud na ruwa da shi daga dazukan Gabon da maƙwabtanta yake fitowa, ga iroko da sapeli a kudancin ƙasarmu don firam da gefuna. Mirror ma ɗinka shi ake yi, a huda gefunan allunan a ɗaure su da wayar tagulla, sannan a bi gaɓoɓin da ƙyallen faiba da gam. Sharaɗin shi ne filawud ɗin ya zama na ruwa na gaskiya, ba na silin ba. A yanki ɗan guntu a tafasa shi a tukunya na 'yan sa'o'i, in ya ɓare hawa-hawa a mayar wa mai shi. Wanda ya bi wannan hanya yakan sayo ginshiƙi da ƙyalle da ƙarafa na hannu daga waje, ya bar wa kafinta sauran.

Jirgi ya iso, kada a yi gaggawar jefa shi ruwa. Tafkin yana da masu shi, wato dubban masunta, Musgum da Kotoko da Hausawa da sauransu, waɗanda abincinsu yake ciki. A je a gai da jauro da shugaban masuntan wurin da za a riƙa sauka, a sanar da jandarmomi, a tambayi hukuma takardar da ake buƙata da iyakar da ba a ƙetarewa kusa da madatsa, inda injinan wuta suke jan ruwa. A nemi wani matashi ɗan masunta a riƙa fita da shi ana sallamarsa, domin shi ya san inda kututture yake da inda aka shimfiɗa kalli da mamari. Idan allon jirgi ya kama raga, a saki ƙyalle, a ɗaga allon a zare ta a hankali, in kuwa ta yage a nemi mai ita a biya shi tun bai zo nema ba. Kayan da ba a fita sai da su kaɗan ne: rigar ceto ga kowa, a jiki ba a ƙarƙashin benci ba, filafili biyu, anka da doguwar igiya, jarkar da aka yanke don kwarfe ruwa a ɗaure ta da igiya, wuƙa, usur, ruwan sha fiye da yadda ake zato, da waya a cikin leda mai ɗaurewa. Wanda bai iya iyo ba ya fara koyon wannan tukuna.

Tuƙin kansa jiki ne yake koyonsa, amma akwai ƙa'idojin da ya kamata a shiga da su. Ana ɗaga ƙyalle ne bakin jirgi yana fuskantar iska. Mai tuƙi yana zama a gefen da iska take fitowa, hannu ɗaya a kan sandar juyi, ɗaya riƙe da igiyar babban ƙyalle, kuma wannan igiya ba a ɗaure ta ko da wasa, domin ita ce birki, idan iska ta buga da ƙarfi sai a sake ta jirgi ya miƙe. Sandar juyi a juye take aiki, in an tura ta dama jirgi ya yi hagu, kuma kowa yakan rikice a ranar farko. Babu jirgin da yake shiga cikin iska kai tsaye, iyakarsa ya kusance ta da kimanin digiri 45, don haka wanda yake son zuwa inda take fitowa sai ya yi ta saƙa, ya yi dama ya juyo ya yi hagu, kamar mai hawan tudu da jaki. A kowane juyi sandar da take kwance a ƙasan ƙyalle tana tsallakowa ɗaya gefen, sai mai tuƙi ya yi magana kowa ya sunkuya. Juyin da ake yi iska tana baya ya fi haɗari, saboda sandar tana zuwa da ƙarfi a lokaci ɗaya, kuma sabon shiga ya bar shi sai ranar da iska take da sauƙi. A fara tafiya ta wajen da iska take fitowa, don dawowa ta zama gangara lokacin da aka gaji.

Ga mai koyo, iskar kilomita 10 zuwa 18 a sa'a ita ce daidai, wadda take kaɗa tuta ta sa ruwa ya yi 'yan ƙananan tuddai. Da zarar an ga farin kumfa ya yawaita a kan ruwa, ta haura 20, sai a rage ƙyalle ko a zauna a gaɓa a sha shayi. Dalili kuwa shi ne ƙarfin iska a kan ƙyalle ba ya tafiya daidai da gudunta, in gudun ya ninka biyu, matsin yana ninkawa huɗu. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tafki a cike, iska daga gefe ɗaya, sai dai ranar da hazo ya sauka gaɓa takan ɓace wa mutum yana tsakiyar ruwa, don haka a ajiye ɗan kamfas, ko a bi gefe. Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 kuma iska takan mutu da tsakar rana. Daga bazara zuwa ƙarshen damina kuwa hadari daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa wadda take isowa kafin ɗigon farko, kuma ginshiƙin ƙarfe mai mita 6 a tsakiyar fili ba abin zama kusa da shi ba ne idan ana tsawa. Wanda ya ga gabas ta yi baƙi ya nufi gaɓa mafi kusa, ba lallai tasa ba, ya sauke ƙyalle tun iskar ba ta iso ba.

Kifewa za a yi ta, ko ba jima ko ba daɗe, gara a yi ta da gangan tun farko a wuri mai tsabta da zurfi daidai, da jirgin inji a kusa. Ƙa'idar ita ce kada kowa ya rabu da jirgin ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa, domin gaɓa ta fi yadda ido yake gani nisa, kuma jirgi ake hangowa daga nesa, ba kan mutum ba. A saki igiyoyin ƙyalle, mutum ɗaya ya zagaya ya taka allon tsakiya kusa da gindinsa ya kama gefe ya jingina baya, jirgin zai taso a hankali, a hau ta baya a kwarfe ruwa. Wurin da za a yi wannan gwaji da wurin sauka kullum a zaɓe su da lura, saboda tsargiya tana samuwa ne a ruwa marar zurfi mai ciyawa inda dodon koɗi yake, kuma duk mai yawan shiga ruwan nan ya kamata ya riƙa zuwa asibiti a duba shi, maganinta praziquantel sananne ne.

Dorina ce abin da na fi tsoro, kuma wani dattijon masunci ne ya nuna mini inda haɗarin yake. Ya daɗe yana kallon jirgina daga inda yake gyaran raga, sannan ya ce, "Ɗana, jirgin nan naka ba ya magana, ita kuwa dorina ba ta son a shigo mata ba sallama." Na ce, "To Baba, yaya zan yi?" Ya ce, "Ka riƙa ƙwanƙwasa gefensa in ka zo wurin da ba ka sani ba, za ta ɗago ka gan ta. In ka gan ta, ka bar mata zurfi, kada ka shiga tsakaninta da shi, kada kuma ka kusanci mai ɗa." Tun daga ranar nake yin haka, kuma ba na barin yamma ta yi mini a bakin ciyawa, lokacin da suke shirin fitowa kiwo.

Ranar da komai ya daidaita, ana tashi daga Garwa bayan sallar asuba, a isa a kafa ginshiƙi rana ba ta yi zafi ba. Akwai wani ɗan lokaci bayan an tura jirgi an hau an ja igiya, ƙyalle ya daina kaɗawa ya cika, jirgin ya ɗan kishingiɗa, sai a ji ruwa ya fara ƙara a ƙarƙashinsa kamar ana zuba gero a ƙwarya, babu hayaƙi babu rurin inji, har hirar masunta ana ji daga nesa. Mukan nufi wani tsibiri mai duwatsu, mu jawo jirgi kan yashi, mu sayi karfasa ko giwan ruwa a hannun wanda ya fito da shi yanzu, a gasa, a ɗora shayi, a yi azahar a inuwar dutse. Yaro ɗan shekara 10 yana iya riƙe igiyar ƙaramin ƙyalle, kuma yakan riga babba gane inda iska take, saboda shi da kunnensa da kumatunsa yake ji, ba da lissafi ba. A bar shi ya riƙe sandar juyi a hanyar dawowa.

Abin da yake kashe jirgi a ƙasarmu a tudu yake. Rana tana cin ƙyalle da igiya da fenti, don haka da an dawo a sauke ƙyalle, a bar shi ya bushe, a naɗe shi a sa a buhunsa a rataye a ɗaki inda ɓera ba ya kaiwa. Jirgin a yi masa rumfar zana ko ta kwano, kada a lulluɓe shi da baƙar leda ta dafa shi. Na katako kada ya taɓa ƙasa, a ɗora shi a kan benci biyu, a sa ƙafafun bencin a cikin gwangwanayen baƙin mai saboda gara, a kuma riƙa duba gaɓoɓinsa da hunturu lokacin da bushewa take buɗe katako. Ƙurar hazo tana shiga 'yan tayoyin igiya ta ci su, ruwa kawai ake wanke su da shi, ba a sa musu giris domin yana tara yashi. A toshe bakin ginshiƙi da tsumma don kada zanzaro ya yi gini a ciki. Idan damina ta kama aka jingine fita, a cire murfin ramin tsiyaya, a ɗaga bakin jirgin sama yadda ruwan sama zai fita ta baya, sannan a zauna da takarda a rubuta duk abin da ya lalace ko ya kusa, waya ce ko ƙusa ko igiya, a aika a sayo tun watan Yuli, har da na ajiya guda-guda, domin su iso Garwa kafin iskar Nuwamba ta juyo.